Iska Ce Ta Juya Ganyen

Tatsuniyoyina sun ƙare a wata na goma sha ɗaya da zuwana Japan. Duk daren Juma'a nakan naɗi murya a waya in tura gida ta WhatsApp, Inna ta kunna wa yaron bayan sallar isha'i. Tsakaninmu awa 8 ne. Lokacin da suke shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a nan ƙarfe 4 na asuba ya yi, saboda haka ni da darena nake yi, shi kuma ya saurara da nasa daren, kowa ya tsira daga laifin yin tatsuniya da rana. Na yi Gizo da Ƙoƙi har sun gaji da ni, na yi Ta-kitse, na yi Daskin-da-riɗi, na yi 'yar mowa da 'yar bora. Ranar da na maimaita ta Gizo da hankaki da ɓaure, amsar da ta zo gajera ce: "Anti, wannan kin yi ta. Su mutanen can ba su da tatsuniya ne?"

Anti yake ce mini. Ɗan fari ne, a hannun Inna ya tashi tun yaye, ita ce uwarsa a bakinsa. Ni ba na kiran sunansa, a nan ma ba zan rubuta ba. Ba baƙon abu ba ne a gidanmu, don ni ma 'yar fari ce, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" ce ni, in ta ji daɗi "'yar nan".

Karatun shinkafa ya kawo ni yankin Osaka, ba adabi ba. Amma kowace Laraba da yamma akwai wata tsohuwa da ke koya mana Japananci kyauta a ɗakin taron unguwa. Malamar firamare ce da ta yi ritaya. Sensei muke ce mata, wato Malama. Na kai mata kukana. Ta tambaye ni wane ne sarkin wayo a tatsuniyoyinmu, na ce gizo-gizo ne. Ta yi dariya har da rufe baki da hannu, ta ce su nasu biyu ne, tanuki da kitsune, dabbobin daji masu kama da ƙaramin kare, amma tanuki wawan mai wayo ne, abin dariya. In ina son wanda ake dariya da shi kuma ake tsoronsa, kitsune zan nema. Laraba ta gaba sai ga ta da jaka cike da littattafan yara da ta aro a laburaren gari.

Mako uku muka yi muna karatu, ita tana karantawa a hankali, ni ina rubuta ma'ana a gefen takarda da Hausa. Labari uku suka tsaya mini.

Na farko shi ne mafi tsufa. Yana cikin wani kundin labarai da wani malamin addinin Buda mai suna Kyokai ya tattara a farkon ƙarni na 9, Nihon Ryoiki. Wani mutumin lardin Mino ya fita neman mata, ya haɗu da kyakkyawa a fili, ya tambaye ta, ta yarda, suka yi aure, ta haifa masa ɗa. A daidai lokacin karyar gidan ma ta haihu, ɗan kwikwiyon kuwa ya tashi da ƙin matar. Ran nan ya kai mata cizo, ta firgita, ta rikiɗe ta koma kitsune ta ɗare kan shinge. Mijin bai ɗauko sanda ba. Cewa ya yi, tunda akwai ɗa tsakaninmu ba zan manta da ke ba, ki riƙa zuwa kina kwana. Kundin ya ce daga wannan maganar ta "zo ki kwana" sunan kitsune ya samo asali. Malama ta ɗaga gira ta ce masana harshe ba su yarda ba, amma labarin ya fi bayaninsu daɗi. Na ajiye shi don gajere ne, kuma "zo ki kwana" ba zancen ɗan shekara shida ba ne.

Na biyu na Tamamo-no-Mae ne, kitsune mai wutsiya tara, wadda ta shiga fadar tsohon sarki Toba a siffar mace mai kyau da ilimi, sarki ya yi ta ciwo ba a san dalili ba, har masanin taurari na fada ya tona ta. Ta gudu filin Nasu, mayaƙa suka bi ta suka kashe, ruhinta ya shige wani dutse da aka ce duk mai ran da ya taɓa shi sai ya mutu. Dutsen yana nan a lardin Tochigi, wurin yana fitar da iskar farar wuta mai guba, kuma a watan Maris na 2022 aka wayi gari ya tsage biyu. Intanet ta ɗauka wai mai wutsiya tara ta fita. Wannan na bar shi don na san Inna. In yaron ya kasa barci, ni za a kira.

Na uku ya kama ni tun kafin mu kai ƙarshe. Wani mutum, Abe no Yasuna, ya je dajin Shinoda ya tarar da mafarauta sun biyo farar kitsune, hantarta suke so don magani. Ya tare musu, suka ji masa rauni, dabbar ta tsira. Sai ga wata mace ta zo ta yi jinyarsa, ta ce sunanta Kuzunoha. Suka yi aure, ta haifi ɗa namiji, aka zauna lafiya shekaru. Wata rana da kaka furannin kiku sun buɗe a lambu, ta tsaya kallo har ta shagala, ta manta da kanta. Yaron ya ga wutsiya ta leƙo daga ƙarƙashin rigar uwarsa. Shi ke nan. Ba wanda ya kore ta, ba ta yi wa kowa laifi ba, amma wanda aka gani ba ya zama. Ta rubuta 'yar waƙa a jikin ƙofar takarda, ta koma daji. Uba da ɗa suka bi ta, ta fito musu sau ɗaya, ta ba yaron kyauta da baiwar jin maganar dabbobi, ta ɓace. Yaron nan, in ji labarin, shi ne Abe no Seimei, wanda kuwa mutum ne na gaske: masanin taurari da duba a fadar Kiyoto, an haife shi a 921 ya rasu a 1005. Ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa ne aka ɗinka masa uwa kitsune, don mutane sun ga saninsa ya wuce na ɗan Adam zalla.

Na ce wa Malama wannan zan yi. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ban gane tambayar ba a lokacin.

Ba a zaɓen labari gizo ke saƙa ba, a suna ne. Me zan ce da dabbar nan da Hausa?

Dila ya fara zuwa mini, don shi ne malamin daji, mai wayon da ke raba gardama ya ci riba. Amma dila namiji ne a kunnen Bahaushe, ba a taɓa jin ya yi jego ba, kuma wayonsa na baki ne, ba ya rikiɗa. Na gwada faɗa da ƙarfi a ɗaki, "sai dila ta zama kyakkyawar mace", na ji abin ya ƙi zama. Kura tana da alaƙa da rikiɗa, amma a wajenmu mutum ne ke zama kura da dare ya je ya yi ɓarna. A nan akasin haka ne: dabba ce ke ɗora ganye a ka ta zama mutum, ta shigo gari, wani lokaci don ta cuce ka, wani lokaci don kawai tana son zama da mutane. Ga kura wawuya ce a tatsuniya, kwaɗayi ke kashe ta kullum.

Sai na kira Inna, ita da ta tashi a ƙauye. Na ce, "Inna, kin san wata dabba kamar ƙaramin kare, mai tsinin baki da wutsiya buzu-buzu, tana zama a rami? A nan kitsune suke ce mata."

"Kitso ne? Wane irin kitso kuma?"

"Ba kitso ba, Inna, dabba."

"Af, yanyawa kike nufi. Mai manyan kunnuwan nan, mai ɗauke mana kaji. Me za ki yi da ita?"

Yanyawa 'yar uwar kitsune ce ta jini, wannan ba gardama. Sai dai tamu ƙarama ce, launin rairayi, ta Japan kuwa ta fi girma, ja ce, ƙirjinta fari. Matsalar yanyawa ita ce ba ta da tarihi a tatsuniya, ba wanda ke jin sunanta gabansa ya faɗi. Daga baya na ga wannan ne amfaninta. Suna ne na mace, kuma fanko ne, duk abin da na zuba a ciki zai zauna. Na tsaya a kan "farar yanyawa".

Saura tambaya ta biyu, wadda na san yaron zai yi: dabba ce ko aljana? Na kai wa Malama, sai ta ce in tuna gumakan da na gani a wurin bautar Fushimi Inari da ke Kiyoto. Na je can a watana na biyu tare da 'yan ajinmu, muka bi ta ƙarƙashin jajayen ƙofofin nan dubbai, ni kuwa duk a zatona karnuka ne aka sassaƙa aka ɗaura musu jan ƙyalle a wuya. Ashe kitsune ne. Wurin tun shekarar 711 yake, kuma shi ne uwa ga wuraren bautar Inari kusan 30,000 a faɗin ƙasar. Inari shi ne abin bautarsu na shinkafa da arziki, kitsune kuwa 'yan aikensa ne, ba shi ba ne, kodayake Malama ta ce Japanawa da yawa ma suna gauraya su. Abin da ke bakin wasu gumakan da na ɗauka ƙashi ne, mabuɗin rumbun shinkafa ne. Wannan ya shige ni nan take, don aikina ke nan: duk manomin da ɓera ya taɓa yi wa ɓarna zai girmama dabbar da ke sauka daga dutse tana cinye ɓeraye a bakin gona.

To waɗannan su ne na kirki, zenko. Akwai kuma na jeji, nogitsune, waɗanda ba su da ubangida. Su ne masu ɓatar da matafiyi ya kwana yana zagaya gona ɗaya, masu ba ka kuɗi ka wayi gari ganye ne, masu gayyatarka wanka a gidan alfarma gari ya waye ka ganka tsamo-tsamo a ramin taki. Har yau in Bajapane ya ji maganar da bai yarda da ita ba yakan ce mayutsuba ce, wato "miyau a gira", saboda a da an yi imani in ka shafa miyau a girarka kitsune ba za ta iya yaudararka ba. In ana ruwa ana rana kuma sai su ce auren kitsune ake yi.

Daga nan hirar ta yi nauyi. Malama ta ce ba duka abin dariya ba ne. Akwai kitsunetsuki, kitsune ta shiga jikin mutum, galibi mace, murya ta sauya, ta riƙa neman abincin da dabbar ke so, a kira mai addu'a ya yi ciniki da ita kafin ta fita. Na ce mata wannan ba sai ta fassara mini ba, na ga irinsa a makarantar kwana. Har babban mai mulki Toyotomi Hideyoshi, a ƙarshen ƙarni na 16, ya taɓa aika wa Inari wasiƙa da 'yar riƙonsa ta kamu, yana gargaɗin in ba a saki yarinyar ba zai sa a yi ta farautar kitsune a duk ƙasar. Ban san wani sarki da ya taɓa rubuta wa iska takardar gargaɗi ba sai shi. Amma abin da ya sa na ajiye biro shi ne zancen kitsune-mochi. A yankin Izumo an daɗe ana nuna wasu gidaje ana cewa suna kiwon kitsune a ɓoye, su ke jawo musu dukiya, su ke kama maƙwabta. Ba a auren 'yarsu, don wai amarya takan tare da guda 75 a bayanta, gidan miji ma ya harbu. Na ce, "Malama, maita ke nan." Na ba ta labarin yadda a wajenmu kalma ɗaya kan hana yarinya miji, alhali iyakar laifin gidansu shi ne wani ya yi ciwo bayan ya ci abincinsu. Muka yi shiru mu biyu. Tun daga ranar na daina jin labarin Kuzunoha a matsayin na dabba. Na mace ne da aka san asalinta, ta san abin da zai biyo baya, ta tafi kafin a nuna ɗanta da baki.

Na yanke shawara ba zan ce aljana ba. Yaro Bahaushe in ya ji aljana ya riga ya yanke hukunci. Na bar ta yanyawa mai rikiɗa, wadda ta daɗe a duniya har ta san abin da dabbobi ba su sani ba.

Abu ɗaya ne ya zo da sauƙi. Abincin da aka ce kitsune ta fi so shi ne abura-age, kuma da na ɗanɗana na kusa yin guɗa: awara ce. Awarar waken suya, an yanka ta siriri an soya har ta kumbura ta yi aljihu. In an cusa mata shinkafa ita ce inarizushi, a yankinmu na Kansai mai kusurwa uku kamar kunnen dabbar, a Tokiyo mai tsawo kamar buhun shinkafa. In an ɗora ta a kan taliya mai romo sunan kwanon ma kitsune udon. A tatsuniyata na sa Kuzunoha tana soya wa ɗanta awara da yaji. Yajin nawa ne, na amsa.

Ranar wata Asabar na ce sai na ga dajin da idona. Daga tashar Tennoji na hau jirgin layin Hanwa zuwa Kita-Shinoda a garin Izumi, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Ina ta shirin ganin kurmi, na sauka na tarar da unguwa: gidaje, kekuna, injin sayar da lemo. Dajin da mafarauta suka bi farar dabba ya koma 'yar harabar wurin bauta da ake kira Kuzunoha Inari, 'yan mintuna daga tasha. Ban tafa hannu ba, ban rusuna ba, ban jefa kuɗi a akwati ba, kallo ya kai ni, kuma ba wanda ya dube ni sau biyu duk da hijabina. Akwai wata tsohuwar bishiyar kafur mai kauri, da rijiyar da aka ce a nan ta duba fuskarta bayan ta zama mace. Na leƙa. Duhu na gani.

Abin da na je nema a hanyar dawowa na same shi, a gangaren da ke gefen layin dogo. Kuzu ya lulluɓe wurin gaba ɗaya. Tsiro ne mai yaɗo, dangin wake, ganyensa uku-uku kamar na wakenmu amma faffaɗa, kuma sunan matar ma'anarsa ke nan, "ganyen kuzu". Jirgi ya wuce, iskarsa ta bugi gangaren, sai ganyayen suka kifa gaba ɗaya, kore ya koma fari-fari, sannan suka dawo. Na tsaya har jirgi na biyu ya wuce don in sake gani.

Dalili kuwa waƙar ce. Layi biyar ce kawai, ma'anarta a sarari: in kana kewata, zo ka neme ni a dajin Shinoda na ƙasar Izumi. Amma kusa da ƙarshe akwai kalma ɗaya, urami, wadda Malama ta yi rabin awa tana warware mini. Tana nufin baƙin cikin da ke da ɗan ɗaci a ciki, irin na wanda aka raba da abin da yake so. Da wannan lafazin dai kuma tana nufin "ganin baya", wato bayan ganyen kuzu da iska ke kifarwa. Kalma ɗaya ta ɗauki ciwon matar, da sunanta, da asirinta da ya tonu. A wasan kwaikwayonsu na gargajiya, kabuki, in ji Malama, mai fitowa a matsayin Kuzunoha yakan rubuta waƙar a gaban 'yan kallo, yaron a hannu, alƙalamin a baki.

Kwana tara na yi a kan layin nan. Na rubuta "baƙin ciki", ya yi nauyi kamar ta'aziyya. Na rubuta "takaici", ya zama kamar tana faɗa da mijin. "Kewa" ta yi laushi, ba ɗaci. Ina wanke tukwanen gwaji a ɗakin bincike abin ya faɗo mini: juya baya. A Hausa wanda ya juya maka baya ya yashe ka, ga shi kuma ganyen bayansa yake juyawa. Sai na biyun ya biyo shi da kansa, har na saki buroshi a cikin ruwa. Me ke juya ganyen? Iska. Ita kuma matar mece ce, in ba iska ba? Abin da Japananci ya ɗaure da kalma ɗaya, Hausa ta kwance shi da biyu, ba tare da na roƙe ta ba. Tatsuniyarmu ba ta cika sai da waƙa, don haka na sa mata karin da Inna ke yi mana na 'yar bora:

In kewa ta ishe ka, ɗana,
Biyo ni dajin Shinoda.
Ganye bai juya baya don ƙi ba,
Iska ce ta juya shi.

"Ɗana" babu shi a ta asali. A can ba a fayyace da wa take ba, mijin ko yaron. Na gaya wa kaina don karin ya cika na ƙara.

Naɗin ma aiki ne. Bangon ɗakina kamar takarda yake, maƙwabcina yana jin tarina, don haka na shige kabad ɗin da ake ajiye katifa na ja ƙofa. "Ga ta nan, ga ta nanku." Na yi shiru daidai tsawon da zai ce ta zo mu ji ta. Na mayar da Yasuna manomi mai tausayi, na bar Shinoda da sunansa don yana da daɗin faɗa, furannin kiku suka zama "furanni masu ƙamshi", ƙofar takarda ta zama kyauren ɗaki, ta rubuta da gawayi. Sau shida ina kaiwa waƙar murya tana ƙin fita. A na bakwai na wuce, na rufe da ƙurunƙus kan kusu, na tura kafin in sake tunani. Minti 14.

Asabar ba amsa. Lahadi da yamma Inna ta kira, ba ta saba ba, ni ke kira. Bayan gaisuwa ta ce, "Ke, wace irin tatsuniya ce wannan kika aiko?"

Na ce ta mutanen nan ce, Inna.

"Na ji ta mutanen nan ce. Mu ma muna da baunar da ta zama budurwa ta auri maharbi, amma ita mugunta ta kawo ta, da ta tafi kowa ya huta. Wannan fa? Mace ba ta ci ba ba ta sha ba, ta tafi ta bar ɗa. Sau huɗu ya sa na kunna masa. Jiya na tarar da shi a bayan ɗaki yana leƙa ramin ɓera." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kuma na ji abin da kika ce a waƙar. Ba ki da kunya."

Ban ce komai ba. A lokacin ne tambayar Malama ta dawo mini.

"Ki aiko masa ta dariya," in ji Inna. "Ta dariya, kin ji ko?"

Laraba na gaya wa Malama yadda aka yi. Ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta ce akwai wani labarin barkwanci da masu ba da labari na rakugo ke yi, na unguwar Oji a Tokiyo, inda aka ce duk daren ƙarshen shekara kitsune na yankin Kanto kan taru a gindin wata bishiya su yi ado kafin su je gaida Inari. Wani mutum ya hango kitsune a bayan ciyawa tana rikiɗa ta zama budurwa. Maimakon ya gudu, sai ya ce bari yau mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Ya kira ta da wani suna kamar ya santa, ta biye masa tana murna ta sami wawa. Ya kai ta gidan abinci, suka ci suka ƙoshi, ya ɗura mata giya har ta yi barci, ya karɓi ƙunshin guzuri ya ce matar da ke sama za ta biya, ya sulale. Da aka tashe ta aka miƙa mata lissafi, firgita ta sa kunnuwa da wutsiya suka fito, ma'aikata suka rufe ta da duka da ƙyar ta sha. Washegari abokinsa ya tsorata shi cewa 'yar aiken Inari ya taɓa, sai ya sayi botamochi, dunƙulen shinkafa da ake lulluɓewa da jan wake mai zaƙi, ya kai bakin ramin ya ba ɗanta ya ce a ba Mama haƙuri. Ɗan ya shiga da murna zai kai baki, uwar tana kwance tana nishi ta ce kul, kada ka ci, mutane ba abin yarda ba ne, wataƙila kashin doki ne.

Wannan dare ɗaya ya ɗauke ni. Giyar na mayar da ita tuwon shinkafa da miyar taushe har malmala biyar, botamochi ya zama dawo. Ban shiga kabad ba ma.

Amsa ta zo kafin in tashi daga barci: daƙiƙa 40 na dariya, da "kashin doki" sau uku, da muryar Inna daga nesa tana cewa ya isa haka. Da na kira ran Lahadi ta ce ya ƙi shan fura sai da ta fara kurɓa a gabansa, kuma duk yaran layin yanzu sun san yanyawa. Muka yi zancen kuɗin makaranta, da ciwon gwiwarta, da buhun gero da ya tashi. Har na fara sallama sai ta ce, "Ke."

"Na'am, Inna."

"Waccan ta farkon na goge ta, don kada ya yi ta saurara. Ki sake turo mini waƙar ganyen nan. Ita kaɗai, ban da labarin."